Baba ya ce hasashen yanayi duba ne, in dawo in riƙe masa mangaza

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 23, haifaffen Maraɗi, ina shekarar ƙarshe ta lisans a fannin fizik a jami'ar garinmu. Tun ina kolej nake son sanin yadda hadari ke haɗuwa. Da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya kayar da ɗakuna a gidan kakata, sai na ƙudurta cewa binciken hasashen yanayi zan yi, kuma ina so in wuce Yamai in ci gaba da karatu. Mahaifina ɗan kasuwa ne, yana sayen hatsi da wake da aya da kaka yana ajiyewa. Ni ne babban ɗansa namiji. Ciwon suga ya fara taɓa masa ido, yana so in gama in zo in riƙe masa mangaza. Ya ce ba wanda ya san ranar ruwa sai Allah, aikin meteyo duba ne irin na ƴan boko. Baffana ya goyi bayansa. Mahaifiyata haƙuri kawai take ba ni. Akwai kuma yarinyar da aka kai mini gaisuwa gidansu, iyayenta sun fara tambayar lokaci. Ban taɓa saɓa wa mahaifina ba, amma yau wata biyu ke nan ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Me zan yi?

Wani ɗalibi, Maraɗi

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Alhaji lafiya, ya mayar wa kakarka da alheri. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne wata biyun nan da kuka yi kuna ɗaure wa juna fuska. Karatun Yamai zai jira ka har ka karɓi takardar lisans. Wannan shirun kuwa bai kamata ya shiga wata na uku ba, kuma kai ne ɗa, kai za ka fara kwance shi.

A ganina maganar duba ba ita ce tushen damuwar mahaifinka ba. Mutumin da ke sayen hatsi da kaka ya ajiye har bazara, ai da hasashe yake ci da sha. Yana lura da zuwan shamuwa. Yana tare direbobin da suka taso daga Dakoro da Mayahi yana tambayarsu ko an sami ruwan shuka, ko binne aka yi ana jira. Da abin da ya ji yake yanke shawarar buɗe mangaza a watan Yuni ko ya daure har Agusta. Bai taɓa ɗaukar wannan duba ba. Abin da yake gani shi ne idonsa na dusashewa, ƙannenka ba su kawo ƙarfi ba, dukiyar da ya tara buhu bayan buhu ba ta da mai tsaro, ɗan da ya dogara da shi kuma yana shirin yin nisan fiye da kilomita 600 don wani aiki da shi Alhaji bai taɓa ganin wanda ya gina gida da shi ba. Dattijo irinsa ya fi samun sauƙin cewa abu haramun ne da ya dubi ɗansa ya ce masa yana jin tsoro. In ka tsaya gardamar aƙida da shi, za ka iya kayar da shi da hujja, tsoron kuma yana nan inda yake.

Duk da haka kada ka yi wa maganar addinin riƙon sakainar kashi, don mai yiwuwa ta shige shi da gaske. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta ce Allah ne yake saukar da ruwa, kuma ba wani mai aikin yanayi Musulmi da ke jayayya da haka. Hadisin da aka yi ruwa da dare a Hudaibiyya ya zargi wanda ya jingina ruwan ga faɗuwar tauraro kaza. Mai hasashen yanayi kuwa abin da ke nan ya riga ya wanzu yake aunawa: zafi, danshi, nauyin iska da inda take kaɗawa. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, sau da yawa da gudun kilomita 50 ko fiye a awa ɗaya. In hoton tauraron ɗan'adam ya nuna ya haɗu da la'asar a kan Damagaram, wanda ya ce mutanen Maraɗi su kwashe shanya kafin dare ya raba bai shiga gaibu ba. Lissafin tafiya ya yi, kuma ya san hadarin yana iya watsewa a hanya, shi ya sa da "mai yiwuwa" yake magana. Aya ta 48 a Suratur Rum ta faɗi yadda Allah ke aiko iskoki su motsa girgije, ya shimfiɗa shi a sama yadda ya so. Masu wannan ilimi da kansu sun yarda cewa bayan kimanin mako biyu ba mai iya faɗin yanayin rana kaza, komai ƙarfin kwamfutarsa. Sai dai wannan bayani bai kamata ya fito daga bakinka ba. Ka nemi malamin da Alhaji ke zama a karatunsa, ka kai masa gaisuwa, ka bayyana masa aikin dalla-dalla, ka bar shi ya auna. In ya gamsu, kalmarsa ɗaya bayan sallar asuba ta fi taka ɗari.

Yanzu ga naka ɓangaren, kuma a nan ba zan sassauta maka ba. Ka ce bincike kake so. Ka san cewa aiki uku ne a wannan fanni, kuma ba lallai ne ƙofar da kake so ta fara buɗe maka ba. Akwai mai aunawa, irin waɗanda ke tashar yanayi ta filin jirgin Maraɗi. Shi ne yake fita duk bayan awa uku a ƙalla, dare da rana, ranar salla da ranar suna, ya buɗe farin akwatin katakon nan mai tagogi ya karanta ma'aunin zafi, ya ɗaga kai ya ƙiyasta kashi nawa cikin takwas na sama gajimare ya rufe, ya dubi iya nisan da ido ke kaiwa cikin hazon hunturu, ya mayar da duk wannan lambobi ya aika. Da safe ya juye ruwan da ya taru a ma'auni cikin kwalba mai zane, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan kafin ya rubuta milimita nawa ne. A tashoshin da ke sakin balan-balan mai ɗauke da na'ura zuwa sama, ƙarfe ɗaya na rana da ƙarfe ɗaya na dare ne lokacin a agogonmu, don duniya duka tare take aunawa. Sannan akwai mai hasashe, wanda ke zaune gaban kwamfuta yana haɗa waɗannan lambobi da hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat da sakamakon manyan cibiyoyin lissafi na Turai da Amurka, ya fitar da sanarwa ga matuƙan jirgi da gidajen rediyo. Shi ma aikin kwana yake yi, kuma ran da ya ce za a yi ruwa ba a yi ba, a bakin ƴan fada zai kwana. Na uku shi ne mai bincike, wanda ke neman dalilin da ya sa hasashen ya kuskure da yadda za a gyara shi. Kafin ka kai nan sai ka yi masta na shekara biyu, ka ɗora doktora na shekara uku ko huɗu. Ka ƙirga: kana kusan shekara 29 ko 30 kafin ka fara neman gurbi, gurbin kuma kaɗan ne. Hukumar yanayi ta ƙasa ba kowace shekara take ɗauka ba. Ayyukan da ke tafiya da kuɗin waje shekara uku ko biyar suke yi su ƙare. In Alhaji ya ce bai ga kuɗi a ciki ba, a kan shekarun farko gaskiya ya faɗa.

Ban faɗi wannan don in kashe maka gwiwa ba. Ina son ka yi aikin nan, kuma ina da dalili. Ɗan Nijar da ke son wannan fanni yana da sa'ar da ƴan ƙasashe da yawa ba su da ita, don manyan gidajen abin a Yamai suke. Akwai EAMAC, makarantar yanayi da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA, hukumar da ke kula da tafiyar jiragen sama a ƙasashen Afirka da dama. Makarantar tana nan tun 1963, ana shiga ta konkur, wato jarrabawar gasa. Akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, bayan farin da ya ƙarar da dabbobin Sahel, tana koyar da yanayin noma da ilimin ruwa har matakin injiniya da masta. Akwai ACMAD, cibiyar yanayi ta Afirka baki ɗaya, mazauninta a Yamai. Ga jami'ar Abdou Moumouni da sashenta na fizik. Matasa daga Cadi da Togo da Senegal suna ƙetare iyakoki don su zo inda kai motar safe za ta sauke ka da yamma.

Aikin kuma yana jiran mai yi. Yawancin ruwan da ke raya hatsinmu daga manyan hadarurrukan nan masu tafe da iska da ƙura a gaba yake zuwa, kuma su ne abin da lissafin kwamfuta ya fi kasa kamawa. Hasashen ruwan gobe a Sahel bai kai na Turai inganci ba, ko kusa. Dalili ɗaya shi ne ƙarancin tashoshin aunawa: ana yin ruwa a Tibiri a rasa a Madarunfa, babu ma'auni a tsakani da zai shaida. Don a fahimci daminarmu ne aka yi babban binciken AMMA, wanda a 2006 ya tara jirage da na'urori da masana daga ƙasashe da dama a Yamai. Wani bincike da aka buga a 2017, da ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun 1982, ya nuna cewa hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka yawansa sau uku. Abin da ya kayar da ɗakunan kakarka yana cikin wannan layi. Mu kuma mutanen Maraɗi mun san ruwa tun ba yau ba: ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tayar da tsohon gari daga fadama ta mayar da shi kan tudu. Ko sababbin hanyoyin hasashe da ƙirƙirarriyar basira, da suka fara fitowa da ƙarfi tun 2023, daga bayanan da aka auna a baya suke koyo. Inda ba a auna ba, ba su da abin koyo sosai. Shi ya sa yaron da ya san lissafi, ya kuma san bambancin jigawa da fadama, yake da abin da zai ƙara wa fannin.

To ya za a yi a haɗa wannan da idon Alhaji? Ka fara da abin da ya fi gaggawa. Ciwon suga in ya taɓa ido ba a jira da shi. Ka kai shi wurin likitan ido da kanka a cikin makon nan, ka zauna ka ji abin da aka ce, ka riƙe masa lokutan magani. Ranar kada ka ɗauko zancen Yamai ko da wasa. Daga nan ka ba mangaza Asabar da Lahadinka. Ka karɓi littafin bashi, ka san wa ake bi, wa ke bin ku, buhu nawa ya shiga, nawa ƙwari suka ci. Mai karatun fizik ba zai kasa tsara wannan a waya ko kwamfuta ba, yadda ko kana Yamai za ka duba shi kowane dare. Ka kuma fara jan ƙaninka mai bi maka, ko yaron da Alhaji ya fi yarda da shi, yana zama kusa da kai yana koyo. Muddin amsar tambayar "wa zai riƙe?" ita ce kai kaɗai, ba malamin da zai sa mahaifinka ya sake ka da daɗin rai.

A lokaci guda ka gwada kanka, don son kallon hadari daban, son aikin daban. Ka je tashar filin jirgi ka gaishe su, ka nemi jami'arku ta rubuta maka takardar neman sitaj, wato koyon aiki, ko da na wata ɗaya ne, ka yi kwanan aiki tare da su. Ka je cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da ke Tarna ka ga yadda masu binciken iri ke amfani da lissafin ruwa. Ka fara koyon yaren kwamfuta na Python tun yanzu, don mai binciken yanayi na yau rabin ransa a rubuta wa kwamfuta umarni yake ƙarewa. Ka dage da Ingilishi, da shi ake buga kusan duk binciken, mu kuma da Katsina nan kusa da mu ba mu da uzurin tsoronsa. In darasin lissafi da na motsin iska da ruwa suna ba ka wuya a lisans, ka gyara su bana, don a masta ninkuwa za su yi.

Ga wani ƙaramin abu da nake so ka yi da daminar nan. Ka sami ma'aunin ruwan sama na roba irin wanda ake raba wa manoma, ka kafa shi a gonar Alhaji ko a fili a gida, nesa da bango da itace. Kowace safiya ka rubuta abin da ya sauka. Masu binciken noma a Sadore, kusa da Yamai, sun daɗe da fitar da wata ƙa'ida ta gane kamawar damina: a sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa cikin kwana 30 da ke biye. Duk manomin da ya taɓa shuka da ruwan farko, rana ta ƙone tsiron, ya sake neman iri da bashi, ya san amfanin wannan. Ka riƙa faɗa wa Alhaji abin da ka auna kamar yadda direba ke ba shi labarin hanya, ba da sigar koyarwa ba. Kowace shekara wajen Afrilu ko Mayu masanan yankin suna haɗuwa a taron PRESASS su fitar da hasashen damina, ko za ta zo da wuri, ko ruwan zai fi na kullum. Ka karanta masa shi da Hausa. Amma ina gargaɗinka, kada zumuɗi ya sa ka ce masa ya zuba jarinsa a kai. Wannan hasashe na yanki ne mai faɗi, kuma rinjaye yake nunawa, ba tabbas ba. In ka yi masa alkawarin abin da ilimin bai yi ba, rana ɗaya za ta rushe duk abin da ka gina. Kuma ina fata duk abin da za ka sani nan gaba ya isa kunnen mai sayen tiya ɗaya kamar yadda zai isa kunnen mai mangaza.

Sai bayan wata biyu ko uku na wannan za ka zauna da shi. Kafin nan ka riga ka je wurin baffanka shi kaɗai, ka nemi shawararsa a matsayin uba, don mutumin da aka girmama da wuya ya tsaya kan adawa. Mahaifiyarka ma kada ka ɗauki haƙurin da take ba ka a matsayin rashin ra'ayi. Ita ta san ranar da ake iya yi wa Alhaji magana da ranar da ba a iyawa, ka bar mata zaɓen lokaci. In kun zauna, kada ka roƙi izinin zama mai bincike, abin ya yi masa nisa. Ka roƙi wa'adi: shekara biyu, da sharaɗin ba za ka taɓa jarin kasuwa ba sai abin da ya ba ka da kansa, za ka nemi bursu, kowane hutu kana mangaza, lissafi kuma yana hannunka. In wa'adin ya cika ba ka sami gurbi ko hanyar doktora mai kuɗinta ba, ka dawo da gaske, ba tare da ƙorafi ba. Ɗan kasuwa ya san ciniki mai iyaka, kuma ya fi yarda da shi a kan buri marar ranar dawowa.

In ka tambaye ni wace ƙofa za ka fara ƙwanƙwasawa, zan ce ka zauna konkur na EAMAC, ka kuma ajiye takardunka a AGRHYMET. Ta farko ta fi kusa da albashi, wanda shi ne abin da zai kwantar wa gidanku da hankali, kuma daga teburin hasashe mutane da dama suka koma bincike da tambayoyin da suka fi na ɗan aji kaifi. Ta biyu ta fi kusa da hatsi da wake, yaren da Alhaji ke ji, kuma ta fi yiwuwa ta dawo da kai aiki a jihar Maraɗi. In likita ya ce idon ya yi nisa kuma babu wanda ya isa riƙe kasuwa bana, ka ɗaga tafiyar da shekara ɗaya, ka yi ta kana koyon kwamfuta da Ingilishi kana cika littafin ruwanka. Shekara ɗaya ba ta kashe wannan buri. In kuma bayan duk wannan ya ce a'a, ban ba ka shawarar ka sulale ka tafi ba. Ka nemi masta a nan gida ta ɓangaren noma da muhalli, ka zaɓi batun da ya shafi ruwan sama, ka sake ɗauko maganar in ƙaninka ya tsaya da ƙafarsa.

Yarinyar nan kuma tana da haƙƙin jin gaskiya tun yanzu, daga bakinka. Ka faɗa mata shekarun yadda na ƙirga maka su, da zaman Yamai, da aikin kwana, da cewa kuɗin ɗalibi ba ya riƙe gida. In ta ji ta ce za ta jira, manyanka su je su sa rana mai yiwuwa, ko da bayan shekara biyun wa'adin ne. In iyayenta suka ce ba za su iya ba, kada ka riƙe ta da "nan ba da daɗewa ba". Shekarun jira sun fi tsada a wurin mace, kuma kai ka san haka.

Kada kuma ka bari takarda ta kayar da kai bayan ka shawo kan gida. Irin wannan konkur yana da iyakar shekaru, kuma sanarwarsa ba ta daɗewa a buɗe. Ka tambayi sharuɗɗan bana a ofishin ASECNA ko wurin ma'aikatan tashar filin jirgi tun yanzu, ka haɗa takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa da sakamakon bak da na kowace shekarar lisans, ka kai a buga musu hatimi, ka ajiye su wuri ɗaya. Ka sake rubuto mini bayan kun ga likitan ido, ina son jin abin da ya ce. Allah ya yi maka jagora, ya ƙara wa Alhaji lafiya.